Baba Ya Mai da Maganin Ƙafarshi Tsaraba

Hajiya Sa'adiya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kafin kyautar mahaifina ta cinye mishi ƙafa.

Bari in fara da yabo, kada a ce ɗa ya kai ƙarar uba jarida. Duk garinmu Ruwan Godiya babu mai sakin hannu irin Baba. In ka kai mishi shadda, kafin Juma'a za ka ga rabinta jikin ladan. In na aika sukari da madara da azumi, gidanmu ne na ƙarshen ɗanɗanawa. Goro ɗaya sai ya ɓare shi ya zagaya majalisa. Mutane na sa mishi albarka, mu ɗiyanshi muna cin arzikin sunan, ni kaina an sha yi min sauƙi a kasuwa don an ji ɗan wane ne. To wanga hali na kirki, Hajiya, yanzu ya iso kan maganin asibiti.

Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake saye ina sayarwa. Sheme nake zaune, ina leƙa Ƙanƙara da Sabuwa in hanya ta yi lafiya, kin dai san hanyoyinmu ba kullum ake bin su ba. Na gama sakandare, don haka ina iya karanta abin da aka rubuta jikin kwali, ko da ban gane rabinshi ba.

Da girbin masarar bana Baba ya taka tsinin kara a gona, ya shige mishi tafin ƙafa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ɓare kafso ya zazzage garin a kan ciwon, ya ɗaure da ƙyalle, ya ci gaba da harkarshi. Sai da ƙafar ta kumbura ta fara ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi, sannan ƙanwata Baraka, wadda ke aure kusa da gida, ta kira ni. Na ɗauke shi zuwa asibiti a Faskari. Suka wanke ciwon, suka yi mishi allura, suka rubuta wasu manyan fararen ƙwayoyi da ke cikin takardar azurfa. Mai ba da maganin ya ce iri biyu ne aka haɗa cikin ƙwaya ɗaya, amoksisilin da wani mai suna kilabulanik. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a sha da abinci, har kwana bakwai, sannan a dawo a duba. Da aka faɗi kuɗin na ji tsadarshi, amma ƙafar uba ce, na biya.

Na damƙa wa Baba kwalin na koma kasuwa. Da na dawo dubiya bayan kwana uku sai na tarar da shi ƙofar gida yana ta raha, kumburi ya saɓe, zazzaɓi ya tafi, har masallaci yake takawa. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a miƙo kwalin in ga inda aka kwana. Hajiya, iska ce a ciki.

Ashe masu zuwa dubiya ne suka tashi da shi. Baba ya riƙa ba su labari cewa tunda yake bai taɓa ganin magani mai kaifin wannan ba, kwana ɗaya ƙafa ta yi sakayau. To kin san mutanenmu, kowa da ɗan ciwon da yake ajiye da shi. Malam Gide, abokinshi tun suna yara, haƙori ke damunshi, ya samu biyu. Goggo Talatu, ƙanwar Baba, mura take yi, ta samu nata. Ladan muryarshi ta dishe, shi ma an ba shi. Wani kuma ciwon baya. Baba da hannunshi ya ɓalle su daga takardar ya zuba aljihu kamar alewa, duk wanda ya yi ƙorafi sai ya zaro mishi. Baraka ta rantse min har tunkiyar Goggo mai zawo an daka wa ɗaya.

Malam Gide kuwa, yana shan ta farko jikinshi ya feso da ƙuraje, ya yi ta susa, leɓɓanshi suka kumbura kamar wanda zuma ta harba. Allah ya taimaka abin ya lafa zuwa yamma. Amma maimakon ya tsorata, cewa yake maganin ne ke koro cuta waje, wai ƙarfinshi ke nan. Ta biyun tana nan ƙunshe cikin hularshi, yana jiran haƙorin ya sake motsawa.

Na rusuna na yi wa Baba magana a hankali, na ce likita kwana bakwai ya ce. Ya dube ni ya ce shi ya warke, to me zai yi da saura, ya zauna kansu maƙwabta na nishi? Ya ce kasuwa ta koya min auna komai da tiya, har lafiyar mutane. Gaban jama'a ya faɗa, aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna min. Ni da na biya kuɗin, ni na tashi marowaci.

Jiya Baraka ta sake kira. Ƙafar ta dawo da kumburi, tana zafi, ta fara wari, sallah ma a zaune yake yi. Mai kemis ɗin layinmu ya ce in sayi wani kwalin a riƙa ba shi bibbiyu don a rama na baya. Ni dai a sana'ata in buhu ya yi giɓi cikawa ake yi, amma ban sani ba ko haka jikin mutum yake. In saya in ci gaba daga inda aka tsaya? Kuma ko na saya, ya zan yi da Baba? In na ɓoye mishi zai ce na mai da shi yaro. In na damƙa mishi, tsaraba ce. Ba na son ya rasa ƙafa, ba na kuma son ya yi fushi da ni a shekarunshi.

Naki,
Ɗan Alhaji, daga Sheme.

AMSA

Wa alaikumus salam, Ɗan Alhaji. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da ɗawainiya.

Abu na farko, kar ka sayi komai a kemis, kar kuma a ba shi bibbiyu. Ka ɗauke shi ka mayar asibitin da suka fara ganinsa, yau in hanya ta yarda, in ba ta yarda ba gobe da sassafe. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma ciwon ƙafar da ya lafa ya dawo da wari ba na wasa da shi. Wataƙila mugunya ta taru a ciki sai an fitar, wataƙila akwai guntun kara da ya rage, wataƙila yanzu allura yake buƙata ba ƙwaya ba. Ka roƙi a gwada masa sukari, domin tsoho mai mikin ƙafa da ya ƙi warkewa, da wannan ake fara zargi. Ka tafi da kwalin, ka faɗi gaskiyar guda nawa ya sha. Kar ka gyara labarin don kare mutuncin gida, sun ji wanda ya fi wannan. In ka ga jan yana hawa ƙwauri, ko fatar ta fara baƙi, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko ya fara ruɗewa, to ba a jiran gobe. Yawancin irin wannan, in an koma da wuri, ƙafa na warkewa sarai, kuma yadda ta amsa magani da farko alama ce mai kyau.

Shi wannan magani na kashe ƙwayoyin cuta ne irin waɗanda ke sa miki ya ruɓe, da wasu cututtukan huhu, kunne, mafitsara da makamantansu. Amoksisilin shi ne mai kisan. Wasu ƙwayoyin cutar sun iya lalata shi kafin ya taɓa su, shi ya sa aka haɗa masa na biyun ya riƙe musu hannu. Ba maganin ciwon baya ba ne, ba ya yi wa mura komai, ba ya maganin zazzaɓin sauro. Goggo da ladan da sun warke ko ba su sha ba. Ko haƙorin da ke buƙatarsa, ƙwaya biyu ba ta isa, sai an duba haƙorin.

Kai mai hatsi ne, ka san abin da ke faruwa in aka yi wa buhu rabin maganin ƙwari. Raunana su mutu, ka buɗe ka ga tsaf, masu taurin rai kuma suna ƙasa suna hayayyafa. Haka aka yi a ƙafar Baba. Daina jin zafi ba shi ne warkewa ba. Kuma yawan shan irin wannan magani guntu-guntu a gari shi ke sa wata rana a sha cikakke ya ƙi aiki.

In sun sake rubuta masa shi, ga yadda ake yi. Adadi da kwanaki na likita ne, ba nawa ba, ba na mai kemis ba, domin yana duba shekaru da lafiyar ƙoda da hanta. A sha a farkon cin abinci, hakan na rage tashin zuciya. A raba lokutan daidai, in sau biyu ne a ɗaure shi da karin safe da tuwon dare. In an manta a sha da an tuna, sai in lokacin na gaba ya matso, amma ba a haɗa biyu don ramuwa. A bar kowace ƙwaya cikin takardarta sai za a haɗiye, domin danshi na kashe ta, aljihu ba wurinta ba ne. Ba a dakawa a zuba kan miki. Ɗan sakin ciki na iya zuwa, a yawaita ruwa. Amma zawo mai yawa ko mai jini, ko ido ya yi rawaya, a koma asibiti. Ka gaya musu duk wani magani da yake sha, har na gargajiya.

Maganar Malam Gide kuwa kar ta kwana. Abin da ya same shi ba cuta ce ke fita ba, jikinsa ne ba ya karɓar wannan magani da danginsa na fenisilin. Karo na biyu yakan fi na farko muni, yana iya toshe numfashi mutum ya tafi kafin a samo mota. Ka kira Baraka yanzu ta aika a karɓo ƙwayar nan daga hularsa, kuma duk asibitin da ya je nan gaba ya faɗa musu.

Yanzu ga kai da Baba. Zuciyarsa ba ta yi laifi ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana raba abin da ya shigo hannunsa, ba zai gane da kansa cewa akwai abin da rabawa ke lalatawa ba. Kai ma akwai naka. Ka san halinsa sarai, ka miƙa masa kwali ka koma kasuwa, sannan ka zo yi masa gyara a gaban majalisarsa. Babu dattijon da zai karɓi wannan.

Saboda haka kar ka ƙara yin gardama da shi. Kafin ku shiga, ka keɓe da likitan ka roƙe shi ya faɗa wa Baba da bakinsa cewa an auna maganin ne da jikinsa shi kaɗai, kuma saura kaɗan ya halaka amininsa. Wannan ta ƙarshen ita za ta shige shi, domin mai kyauta ba ya son a ce kyautarsa ta cutar. Maganin ya zauna hannun Baraka, ta riƙa kawo ƙwaya ɗaya tare da kwanon abincinsa. Ba ɓoyewa ba ne, hidima ce, kuma iyaye ba sa ƙin hidimar 'ya mace. Sannan kar ka bar hannunsa haka nan. Masu dubiya za su zo, shi kuma ba ya iya sallamar baƙo da baki kawai. Ka ajiye masa goro da dabino gefen tabarma, ya raba son ransa. In ya warke, ka ga mutumin da ya fi kowa bakin faɗa a ji a garin ya koma yana hana mutane karɓar ragowar maganin wani. Abin da ni da jarida ba za mu iya ba, shi zai yi shi a zama ɗaya.

Allah ya tashi kafaɗarsa, ya mayar da shi sahun gaba a tsaye kan ƙafafunsa biyu, ya bar ku tare cikin yarda.

Ku kuma masu karatu da kuke dariyar Baba alhali akwai ragowar kafso a kan taga ana jiran baƙo ya yi tari: in likita ya auna idonku ya yanka muku tabarau, gilashin dama za ku ba maƙwabci ko na hagu?

Hajiya Sa'adiya