Bulumbotin Hadiza

Makarfi, daren Laraba

Ƙanwata Hadiza ta rantse ba za ta sake kai jaririnta awo ba.

Yau a asibiti tana laluben katin rigakafi sai bulumboti ya faɗo daga jakarta. Malamar awo ta ɗaga shi a gaban mata, ta ce, "Ku ga 'yar gayu! Ƙirjin take tanada wa maigida, ɗan kuwa ya sha madarar gwangwani." Aka fashe da dariya. Ba wadda ta tambaye ta dalili. Tun da aka yi mata aiki ta zubar da jini, nonon bai kawo ba sai ɗigo-ɗigo. Kunun kanwa kam ta sha har ya gundure ta.

Ta kira ni tana kuka. "Yaya, har maganarki ta rediyo ta karanto mini, wai uwa tagari nono zalla take bayarwa wata shida."

Ni na rubuta wannan jimlar a shirin lafiya da nake yi a rediyo. Har yanzu ina ganin manufar daidai ce, don na san abin da ruwan rijiya ke yi wa cikin jariri. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To ke ma me ya hana ki ɓoye bulumbotin da kyau?" Ta kashe wayar.

Surukarta ta ce tunda malamar awo ta hana madara, koko za a fara ba jaririn. Bai yi arba'in ba.

Innarmu ta ji wai tun la'asar aka dama kokon. Na kira mijin Hadiza sau uku don in tabbatar, bai ɗauka ba.