Ranar da Aka Sauke Ni

Maman Itoro,

Ya yara? Ya ƙafar Mma? Ya ƙarin haƙurinmu?

Lafiya lau nake a rijiyar mai, tsakiyar tekun Malabo, ina ta dafa wa ma'aikata abinci. Ranar jana'izar mahaifina Papa har na shiga jirgi mai saukar ungulu zan taho gida, aka sauke ni. Ga zafi, babu iska. Matuƙin ya ce dokar duniya ce, sai an rage nauyi yadda ko inji ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe mu. Abokan aiki suka ce, "Kuku, ai kai mutum biyu ne, sauka!" Na taya su dariya.

In kin ga na rame a hoto, ba ciwo ba ne, abinci na rage. Mahaifiyata Mma ta tsufa. Ba za a sake sauke ni ba.

Allah ya tsare ku.

Mijinki,
Ubong