Wa Zai Yaga Mini Alkyabba?

Gwaggo Benedita, ki agaza mini da shawara, bikin ƙarshen shekara ya matso kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Ina ajin ƙarshe a jami'a a birnin Coimbra. Bana wani sabon ɗalibi a gidan da muke haya, Telmo, ya roƙe ni in zama uwar ɗakinsa, ni zan yafa masa baƙar alkyabbarsa ta ɗalibai ranar biki, kamar yadda al'adar jami'armu take. Ɗan ƙauye ne mai kunya, ko gishiri zai nema a tebur sai ya ba da haƙuri.

A walimar gidanmu, Duarte, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ya wuni yana shan giya, ya bi da tabar da aka cusa wa wiwi, ya ɗora da ƙwayar barci. Ya zube a kicin, leɓɓansa suka sauya launi. Manyan gida suka ce a kwantar da shi, kada iyayensa su ji. Telmo bai kalli kowa ba, ya kira motar asibiti. Likita ya ce da an bar shi, da sai dai gawarsa. Gwaggo, ban taɓa alfahari da mutum haka ba.

To, mahaifin Duarte ya zo ya tafi da shi gida, shekarar karatunsa ta lalace. Yanzu munafuki 'yan gidanmu suke kiran Telmo. Sun ce in na yafa masa alkyabba, babu wanda zai yaga gefen tawa da haƙori kamar yadda abokai ke yi wa mai kammalawa. Da su na yi dariya, da su na yi kukan jarrabawa. Ina tsoron fita da alkyabba lafiyayya kamar wadda ba ta yi aboki ba.

Mai Alfahari da Ɗan Ɗakinta

'Yata, alfaharinki yana kan hanya. Amma kada ki ɗauki 'yan gidanku mugaye. Sun tsorata ne, sun yi kewar Duarte, kuma kunya ce ke cin su, don ƙaraminsu ya yi abin da suka kasa. Kada ki yi musu gori. Ki zauna da su da rana, kowa cikin hayyacinsa, ki maimaita musu maganar likita. Ki kira Duarte ki gaishe shi, ki ƙarfafa masa ganin masu ba da shawara kan shaye-shaye, domin haɗa giya da ƙwaya ya wuce wasan ɗalibai.

Ranar biki ki yafa wa Telmo alkyabbarsa a gaban kowa, kanki a sama. Sannan ki miƙa masa gefen taki. Ko yagarsa kaɗai kika samu, kin san ta wanda zai kira miki mota ce ranar da kika faɗi.

Allah ya sa ku gama lafiya, har da Duarte.