Bindigar soson da na ƙera wa Ummi ce ta kashe auren Yayana

Assalamu alaikum jama'ar wanga guruf. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, akwai mutanen garinmu da yawa a nan, sunayen da zan sa ma duk ba na gaskiya ba ne. Don Allah ku ba ni shawara. Wanda ya ga dama ya zage ni, na cancanta, amma in an gama zagin a gaya min abin da zan yi.

Ni mai gyaran famfon feshi ne da injin ban ruwa, ina da ɗan shago a Aliero, shekaruna ashirin da bakwai, ban yi aure ba tukuna. Duk wanda ya san yankinmu ya san albasa ce abincinmu, ita kuwa ba ta yi sai da feshi, shi ya sa bayan shagona matattun famfuna ne tuli guda, wani ya fashe wani hannu ya karye, masu su sun bar min ina cire kayan gyara. Tun ina ƙarami ni mutum ne mai ƙiriniyar ƙere-ƙere, in na ga abu sai na buɗe cikinsa hankalina ke kwanciya. To bayan an kwashe albasar rani aiki ya yi sauƙi, ina zaune ina danne-dannen waya na ci karo da bidiyon wani yana haɗa bindigar wasan yara da fayif ɗin roba, mai harba harsashin soso. Fayif ne mai faɗi, da sanda a cikinsa mai kan roba, da sifirin a bayanta. In ka ja sandar baya ta maƙale, in ka danna kunama sifirin ya tunkuɗa ta gaba, iskar da ta matse ta fitar da soson. Na ce kai, wannan ai famfo ne anka juya, ni da nake wuni cikin famfuna me zai gagare ni.

Ashe zai gagare ni. Na yi ta farko da fayif ɗin wayar lantarki, na yanka tsohon silifas na yi kan sandar, na sa sifirin birkin mashin, na yanka harsasai daga soson katifa. Da na harba sai soson ya faɗo gaban ƙafata, tif. Ta biyu ma haka, iska na zurarewa ta gefe, na naɗa tef, na shafa basilin, duk a banza. Masu facin taya na kusa da shagona sunka maida ni abin dariya, kullum sai sun tambaye ni injiniya yaushe za a fara yaƙi. Ni kuma ina da zuciya, ba na son a yi min dariya kan aikin hannuna. Cikin wannan haushin na tuna cewa a cikin kowane famfon feshi akwai silinda na roba mai santsi, da robarsa da anka yi daidai da shi, ko ɗigon iska ba ya wucewa. Na je bayan shago na ciro ɗaya, na ɗauraye shi da ruwan buta sau ɗaya tal, na sunsuna ban ji komai ba, na ce ya fita. Ban tsaya na tuna cewa hancina ya daɗe da mutuwa a kan warin magani ba. Na haɗa, na harba, soson ya tsallake titi ya bugi ƙofar shagon mai faci. Wallahi ranar ji na yi kamar na ƙera jirgi.

A gida ɗaya nake da Innarmu da Yayana da iyalinsa. Yaya shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon sana'a, mutum ne mai gaskiya amma in ya yanke magana ya yanke. Matarsa, zan kira ta Rabi, 'yar Maiyama ce, abokiyar wasana ce sosai, ba ta taɓa kiran sunana sai dai ango ba amarya. Suna da ɗiya guda, Ummi, shekararta shida. Da na kawo bindigar gida Yaya ya gan ni ina gwada ta a ƙofar gida, ya ce kada ya sake ganinta, a wanga zamani da mutum ke jin kalmar bindiga gabansa ya faɗi, ba za a koya wa ɗiyarsa auna mutane ba ko da wasa. Na ce to. Amma Ummi ta riga ta gani, ta yi ta kuka tana bina, Baba ƙarami ka ba ni, Baba ƙarami ka ba ni. Ni kuma gaskiya ina son a yaba min. Na faki idon Yaya na kai wa Rabi, ta yi dariya ta ce kawo nan ango, ta tura ta ƙarƙashin gado, in Yaya ya tafi fadama sai ta ciro wa Ummi ta yi ta harbin kaji. Harsashin yana shiga da ƙyar, sai na koya wa yarinyar ta riƙa jiƙa shi da yawu kafin ta tusa, in ya maƙale ta sa baki a bututun ta hura. Ni da bakina na koya mata.

Kwana biyar da haka, bayan azahar, Rabi ta kira ni tana kuka wai Ummi ta faɗi. Na tarar da yarinya tana amai, yawu na zuba, zufa ta jiƙa ta sharkaf, jikinta na karkarwa. Yaya yana fadama, ni na ɗauke su a mashin zuwa asibiti a Jega. Likita yana duba idonta ya ce wannan maganin ƙwari ne ya shiga cikinta, ya tambaye mu ko muna ajiye maganin feshi a gida. Kwana huɗu munka yi, Allah ya yi da sauran kwananta.

A rana ta biyu Rabi ta aike ni gida in ɗauko mata zannuwa da filas. Ina duƙawa na hango bindigar ƙarƙashin gado, ga harsasai duk shaidar haƙoran Ummi a jiki. Nan take na tuna silindan famfon da na ɗauraye sau ɗaya tal. Na cusa ta cikin riga na tafi shago, na kwance ta, sai ga busasshen magani fari fat ya daskare a bayan robar, inda ruwan butata bai kai ba. Don in ƙaryata kaina na wanke shi a ɗan kofi na zuba a ramin cinnaka, kafin in idar da sallar la'asar duk sun mutu. Na zauna na yi kuka kamar ƙaramin yaro, na rantse gobe zan faɗa.

Goben ta zo, Yaya ya dawo daga asibiti ya hau binciken gida, ya samu wani galan na maganin feshi da Rabi ta wanke tana ɗiban ruwan wanki da shi. Matan garinmu da yawa suna haka, kuma galan ɗin ya fi shekara biyu a gidan ba abin da ya taɓa samun kowa, sai dai Yaya ya sha yi mata magana ta jefar da shi ba ta jefar ba. Ina tsaye a tsakar gidan lokacin da ya ɗaga shi sama yana cewa ga abin da ya kusa kashe masa ɗiya. Ya kalle ni ya ce kai da ka san magani, ba wannan ba ne? Jama'a, na sunkuyar da kai na ce zai iya yiwuwa. Abin da na faɗa ke nan. Da anka sallamo Ummi, Yaya da Rabi sunka yi rigimar da ban taɓa ji ba a gidanmu, shi yana cewa taurin kanta ne, ita tana ba shi haƙuri, Inna ta shiga tsakani har ta yi hawaye bai saurara ba. Ya ba ta saki ɗaya, ta tafi Maiyama, Ummi ta zauna wurin Inna.

Satin da ya wuce Inna ta aike ni in kai wa Rabi sauran kayanta. Na tarar ta rame, kamar ba ita ba. Ba wasa ba tsokana, ranar ta fara kirana da sunana na gaskiya. Ta ce min Yaya bai zalunce ta ba, ita ce da ganganci ta kusa kashe ɗiyarta da hannunta, azumin Litinin da Alhamis take tana neman gafara. Ta yi min godiya wai ba don gudun da na yi da mashin ba da yanzu wani zance ake, kullum sai ta sa ni a addu'a. Da zan tafi ta biyo ni zaure ta yi ƙasa da murya, ta ce in lallaɓa in cire bindigar nan daga ƙarƙashin gado kada Yaya ya gani ya yi fushi da ni, ita ba ta gaya wa kowa ba kuma ba za ta faɗa ba. Ban san yadda na tuƙo mashin na dawo Aliero ba.

Yanzu ga inda na tsaya. Iddarta saura kamar sati biyu, kuma mahaifinta ya aiko cewa in ta cika Yaya bai mayar da ita ba to ya manta, ba zai sake ba shi ita ba. In na yi shiru auren ya mutu, Ummi ta tashi ba uwa a gida, ita kuma Rabi ta rayu tana ɗauke da laifin da ba nata ba. In na gaya wa Yaya, na san ni da shi mun rabu, wannan ko da zafi na yarda. Abin da ke tsorata ni shi ne gaskiyar ma ba lallai ta wanke ta a wurinsa ba, don zai gane cewa ita ta ɓoye bindigar da ya hana, ta riƙa ba yarinya a bayan idonsa, ina tsoron ya ƙara mata wani sakin a kan na farko. Na yi tunanin in ce ni kaɗai na ba Ummi a ɓoye Rabi ba ta sani ba, amma wata ƙaryar ce kuma, kuma Ummi tana da baki, tambaya ɗaya za a yi mata. Na yi tunanin in bi ta wurin Inna, sai dai hawan jini gare ta.

Don Allah masu ilimi da manyan da ke cikin guruf ɗin nan, ta ina zan fara? In tari Yaya kai tsaye, ko in nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ya zauna tsakaninmu? Kuma ita Rabi, in jira sai na ga yadda ta kaya da Yaya, ko in hau mashin gobe in je in gaya mata ta daina wannan azumin, ba ita ba ce, mutumin da take sa wa albarka ne?