Addu'ar Rifkatu da Faɗan Famfo

Daren Talata, cikin damina, Sabon Gari

Ruwa yana ta sauka a kan kwano, yara sun yi barci, ni kuwa idona biyu. Na wuni a Kantin Kwari neman yadin ɗinki, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Ɗazu da muka durƙusa addu'ar iyali, na ce yau 'yata Rifkatu ce za ta yi mana, tunda ta shekara bakwai. Ta runtse ido, ta haɗa 'yan hannayenta. Ina kallonta sai na hango ta babbar mace, ta ɗaura zanen zumuntar mata, tana waƙa da muryar marigayiya Innata. Har na ji ƙanshin ɗakin sujadar ƙauyenmu bayan ruwan fari.

Sai na ji ta ce, "Ya Uba, yau na mari ƙanena. Ka yafe mini kamar yadda Mama ta yafe wa Maman Ngozi."

Babansu ya ce amin a hankali, bai dube ni ba.

Sati uku ke nan ban gaida maƙwabciyata Maman Ngozi ba, tun ranar da ta ture bokitina a layin famfon tsakar gida. Ita Rifkatu ta ɗauka na yafe tuni, don kullum haka nake koya mata.

Da asuba zan ƙwanƙwasa ƙofar matar nan. Idan Allah ya amsa wa 'yata daidai yadda ta roƙa, sati uku zai yi bai kula ta ba.