Angona a Bayan Katangar Talla

Litinin, 3 ga Maris

Kai mai leƙen littafin tsofaffi, tunda ka buɗe sai ka canka mini wannan: ba ya sallama, ba ya amsa gaisuwa, ba ya tsufa. Kowa korarsa yake yi, ni kaɗai nake gyara ɗankwali in zai shigo. Wane ne?

Yau bai zo ba. An jona ni da injin wankin ƙoda, an jawo mini allon kwamfutar da ke maƙale da kujerata, na kalli shirin girkina har ya ƙare, ba abin da ya katse shi. Na tsorata.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don kaina. Jikana, Angona mai kunnuwan zomo, kafin haɗarin mota ya yi ajalinsa bara, makarantar gyaran waya ta sa shi a tallanta. Yana ɗago kai daga teburi, ya yi dariyar nan tasa, ya ce, "Zo ka koya." Shi ke nan. A allon asibitin nan yake faɗo mini a tsakiyar shiri, wani lokaci ana cikin yanka albasa. Sai in ce, "Ja'iri, sai yanzu ka tuna da matarka?" A gida uwarsa ko sunansa ba ta iya ji, wayata kuwa mai maɓallai ce, ba ta nuna talla.

Yau ma shiru.

Juma'a, 7 ga Maris

Nas ta duba mini. Wai an sa wa duk allunan wani abu mai toshe talla. Ta nuna mini wurin kashe shi, ya yi toka-toka, ko ta danna ba ya motsi. A ƙasa an rubuta wai mai kula ne ke sarrafa wannan. Na ce, "'Yar nan, wane mai kula? Ni da nake kwance nan ban isa da abin da ke gaban hancina ba?" Ta ce daga ofis ɗaya ake juya su duka.

Litinin, 10 ga Maris

Na sa an kira mini mai kula ɗin. Mutum ne mai sanƙo, katin aiki a wuya. Na ce, "Kai ne Mai Makulli? Kai ka kore mini miji?" Sai da ya ja baya.

Ya ce, "Iya, doka ɗaya na rubuta, ta sauka a kan kowane allo. Ɗakin nan duk a layi ɗaya kuke. In na buɗe miki, na buɗe wa kowa."

Na ce to buɗe wa kowa mana, wa ya mutu don talla?

Ya dubi kujerar da ke kusa da taga. Ta tsohon telan nan ce da muke tsokanar juna. Ashe tallan maganin ƙoda ya gani a allonsa, wai kwalba ɗaya ta raba ka da inji. Ya saya, ya daina zuwa. Yanzu yana kwance a saman bene, ɗakin da ba a barin 'yan dubiya.

Na bar shi ya tafi ban ƙara yi masa tsiya ba. Ni da baki.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban yi wa kowa tatsuniya ba yau. Nas ta taɓa goshina.

Laraba, 19 ga Maris

Mai Makulli ya dawo yana murmushi kamar ya tsinci abu. Ashe nas ta ba shi labarin Angona, ya nemi makarantar, sun turo masa hoton mai motsi, ya ajiye mini a gefen allo. "Danna nan, Iya, duk sanda kike so."

Na danna. Ya ɗago kai, ya yi dariya. Na sake dannawa. Ya ɗago kai, ya yi dariya, daidai wurin, daidai numfashin. Na yi ta dannawa har na lura akwai wani a bayansa yana hamma, ban taɓa ganinsa ba.

Na yi wa bawan Allah godiya, ya yi ƙoƙari. Ta yaya zan ce masa da can shi yake zuwa, yanzu ni nake jawo shi?

Litinin, 24 ga Maris

Tela ya rasu ranar Asabar. An ba wata mata kujerarsa, ba ta san wasa ba.

Ban danna ba yau. Ba wai na manta ba ne, hannun ne ya yi nauyi da allura. Na kalli shirina daga farko har ƙarshe, har na riƙe yadda ake haɗa miyar. Da nas ta zo cire ni ta ce, "Kaka, ba ki gaisa da Ango ba." Na ce bar shi, yana wurin aiki.

Kai kuma mai leƙe, na san me ka canka, ba ka dace ba. Ba jikana ba ne. Talla ne.