Akushin da Na Kife

Zuwa ga Furera, 'yar bakin kogi, gawon gonata mai fitar da ganye a tsakiyar rani, ruwan randar ƙasa mai sanyi ko rana ta take, shamuwar da nake duban gabas dominta, uwar 'ya'yana, abokiyar tsufana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Bacirawa, ke da autarmu Rahmatu da maigidanta da yara. Kin san ko bihim ban sani ba. Malam Sama'ilu ne ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne. Sau biyu yana ajiye alƙalamin, wai irin wannan magana ba ta dace da mai furfura ba. Na ce masa furfurar tawa ce, matar ma tawa ce, shi dai ya rubuta. Ke kuma Rahmatu, in ke ce mai karanta wa uwarki, kada kunya ta sa ki tsallake komai.

Yau kwana talatin da ɗaya rabona da ganinki. Shekara arba'in da shida muna tare ba ki taɓa yin yaji ba, sai da goshinmu ya doshi kabari na kore ki da hannuna. Ba zan ɓoye abin da na yi ba, ko don mai karatu ya san irin mutumin da ke magana. A wannan shekara ta uku da sama ta riƙe ruwanta, ranar nan bayan magariba, muna zaune a ƙofar gida wurin ciyayya, akushi uku kacal ya fito daga gida tara. Aka buɗe nawa, sai ga tuwo baƙi-baƙi, tuwon ƙwayar bado irin na mutanenku. Muntaka maƙwabcinmu, wanda bakinsa ba ya kwana da yunwa ko cikinsa ya kwana, ya ce ashe Dabo ya koma cin abincin kwaɗi, a bar masa kada gobe a ji shi yana kuka a bakin rijiya. Aka yi dariya. Na ɗauki akushin na shigo, na kife shi a gabanki a tsakar gida, na ce ni ɗan gero ne jikan dawa, ban auro ki don ki ciyar da ni ciyawar tafki ba. Kika dubi tuwon a ƙasa, kika dube ni, da safe kika ɗaure kayanki.

Na ce za ki huce. Na ce mace ce, kwana uku ta dawo. Kin san taurin kaina, ko jakin Kamilu maƙwabcinmu ya sallama mini.

Furera, hasken farin wata a kan ruwa, kin tuna ranar da na fara ganinki? Ni kam ko sunana na manta ba zan manta ta ba. Na zo kasuwar garinku, Gabar Bado, da jakuna ɗauke da gero zan musanya da busasshen kifi. Ke kullum cewa kike jaki biyu ne. Uku ne, na ukun gurgu ne ya tsaya a baya. Kogi ya rabu hannu bakwai kamar jijiyar ganyen rogo, kowane hannu da ƙauyensa, kowane ƙauye da kwalekwalensa. Furen bado fari fat ya rufe ruwa har iyakar gani, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, dinya na tashi garke-garke. Sai ga ki a tsaye a gindin kwalekwale kina turawa da gora, ko girgiza ba kya yi. Na ɗora ƙafa ɗaya a ciki, abin ya yi gefe, na rungume buhun kifin wani kamar uwata ce. Kika yi dariya har kika riƙe ciki, kika ce ɗan tudu, zauna kada ka zubar mana da kogi. Tun ranar na zauna, Furera. Ban sake tashi daga inda kika zaunar da ni ba.

To, ga abin da ya sa na aiko miki da takarda. Ranar Talatar da ta wuce malamin gona ya kawo babbar mota, wai zai kai manoma ashirin na wajen Tsanyawa su ga yadda mutanen kogi ke noman rani, su zaga kasuwa da ƙauyuka, a tashi da asuba a dawo a ranar. Da farko na ce me zan koya da ubana bai koya mini ba. Da na ji an ambaci Gabar Bado, sai ga ni na riga kowa hawa. A hanya na cika musu kunne. Na lissafa musu hannayen kogin bakwai da sunayensu, na ce kowa ya naɗe wandonsa, na ce wa Muntaka yau zai ga garin kwaɗin da yake faɗa, ya ga ko ubansa ya taɓa ganin arziki irin wannan.

Hantsi ya dubi ludayi motar ta tsaya a wani fili na yashi. Wani masunci mai suna Hadi, shi aka ɗauka ya yi mana jagora, ya tarye mu da sanda a hannu. Na tambaye shi saura tafiyar nawa mu kai bakin ruwa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Baba, ai a tsakiyarsa kake tsaye."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Furera, mota ce ta taka inda kika tura kwalekwale. Mota! Na durƙusa na damƙi yashin, yana da zafi kamar an kwaso shi daga murhu. Ina ruwan ya tafi? Wa ya shanye kogi mai hannu bakwai? Hadi ya ce wasu na cewa fari ne, wasu na cewa an tare ruwan ne can sama, shi dai abin da ya sani shi ne hannu shida sun mutu, na bakwai yana shure-shure. Ko Muntaka bai samu abin faɗa ba, kuma kin san wannan bai taɓa faruwa ba.

Hadi ya shiga da mu kasuwa. Kasuwar da a da sai ka toshe hanci don ƙarnin kifi, yanzu kwalekwale ne a kife jere-jere, mutane sun ɗaga gefensu da itace sun fake a inuwa suna kasa kaya. Me suke kasawa? Komar kamun kifi da gora da ƙugiya, masu su na neman wanda zai karɓa ya ba su abin sawa a baki, babu mai tayawa. Na ga mutum biyar sun shigo da fartanya a kafaɗa, na ce wa Hadi ashe kun koma noma. Ya ce a'a, daga kamun kifi suke. Gaiwa suke haƙowa daga busasshen taɓo, inda ta binne kanta tana jiran ruwa. Masunci da fartanya, Furera! Da wani ne ya ba ni labari, da na ce a nemo masa magani.

Muka bi ƙauyuka uku a ƙafa. Gida biyu da mutane, gida biyar an toshe ƙofa da ƙaya. Ya nuna mana rijiyoyin da suka haƙa a cikin kogin, da jigo, da 'yan fangalin albasa, malamin gona yana ta bayani. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Idona na kan giginyar nan ta bayan gidanku, ita kaɗai ce ta gane ni.

Da azahar ta wuce Hadi ya ce saura abu ɗaya, ya kai mu wani ɗan tafki da ya rage. Mata ne a ciki, sun fi talatin, taɓo baƙi har ƙirji, suna lalube da hannu suna tsinko ƙwallon bado ɗaya-ɗaya. Wadda ta fito, matsattsaku sun manne mata a ƙafa, ta ɓamɓare su ko dubawa ba ta yi, jini na bin ƙaurinta ta koma. Hadi ya ce daga nan sai a tara ƙwallon ya ruɓe, a wanke, a shanya, a sheƙe, kafin a kai ga turmi, kuma wunin mace guda ba ya cika tafin hannu biyu. Shekara arba'in da shida ina ganin tukunyar badonki a rataye a ragaya, ina yi miki tsiya a kanta, ban taɓa tambayar yadda ake cika ta ba. Ni da nake taƙama na san tarihin kowace gona da kowane kabari a garinmu, ban san tarihin tukunyar da ke saman kaina ba.

Ina tsaye sai wata tsohuwa ta fito daga taɓon, ta ƙura mini ido, ta kira sunana. Luba ce, matar ƙaninki Tasi'u. Ta ja ni har gida. Kada hankalinki ya tashi, Tasi'u yana da rai, amma mutumin da ke ɗaga kwalekwale shi kaɗai yanzu sai an jingina shi da bango. Ya riƙe hannuna yana murna, ya fara tsokanata yadda ya saba, wai ɗan tudu ya zo da ƙasa ta bushe don ya san yau babu kifewa. Daga nan ya tambaye ni ko saƙo ya iso. Ya ce kin aiko musu ta bakin mai goro cewa na rame, na hana a taɓa irin shuka, ƙafata na rawa in na tashi daga sallah. Ya ce a gidansu tun kakanni, in shekara ta ɓaci, tukunyar 'yar da aka aurar tudu ake fara cikawa, don na tudu in sama ta ƙi ba shi da wurin lalube. Abin da Luba ta tara a wata guda suka raba biyu, suka aiko miki rabi. Ya ce ya san halinki, ko ɗanɗanawa ba za ki yi ba sai na ci. Sannan ya yi murmushi ya ce, to yaya na ji shi?

Wayyo Furera! Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Ƙarya ta zo har bakina, ta yi daɗin faɗa, amma ban taɓa ba da labarin da ba haka ya faru ba, ba kuwa zan fara a gaban mai jin yunwa ba. Na ce masa na kife shi a ƙasa. Na ce kin bar gida.

Tasi'u ya saki hannuna a hankali. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Luba ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan tsumma a ƙulle, bai fi dunƙulen hannun jariri ba, ta ajiye a gabana, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ka kai wa Yaya. Wannan karon ita za ta ci."

Ga shi nan haɗe da takardar. Ko ƙwaya ɗaya ban taɓa ba, ban cancanta ba.

Washegari na ɗauki gatari na fasa yumɓun da na liƙe rumbun iri da shi, rumbun da na rantse ba za a buɗe ba sai ruwa ya sauka, na yi kaffarar rantsuwata da azumi, wanda dama shi muke yi. Geron ubana ne, kin san yadda nake ji da shi. Na raba shi biyu, rabi ya tafi Gabar Bado a hannun malamin gona. Da magariba na fita ƙofar gida, na faɗa wa mutanen ciyayya duk abin da na faɗa miki, a gaban Muntaka, wanda ya sunkuyar da kai ya ce in roƙa masa gafararki shi ma. Na ce ya bi layi, ni ne a gaba.

Inuwar kukata, zumar ɗorawata, ruwan farko mai tayar da ƙanshin ƙasa, me zan ce miki kuma? Ba na ce ki dawo don babu mai dafa mini ba, matar Muntaka na miƙo abin da ya samu. Ba na ce na daina taurin kai ba, kin san ƙarya ce, da shi za a binne ni. Amma wallahi daga yau duk abin da hannunki ya tuƙa, ko ganye ne ko taɓo, a ƙofar gida zan ci shi, in suɗe akushi, in ɗaga shi sama kowa ya gani. Jiya na ga shamuwa biyu a kan tsamiyar masallaci. Ruwa na hanya in Allah Ya yarda. In na ɗauki sungumi ina sara, wa zai bi bayana yana zuba iri yana rufewa da ƙafa, yana ce mini layina ya karkace? Rabin irin da ya rage ba zai yarda da hannun kowa ba, ni ma haka.

Akushin yana nan inda na kife shi, a tsakar gida kusa da turmi. Na hana kowa ɗagawa, har kaji ina kora. Hannun da ya kife shi ba shi da ikon buɗe shi. In kin ƙi zuwa, ba zan ce kin zalunce ni ba, zai zauna a kife har ranar da za a fitar da ni a makara. In kuwa kin zo, ba sai kin ce mini komai ba. Ki sunkuya ki juya shi kawai, zan gane.

Ni ne gaiwarki da ta binne kanta a busasshen taɓo, ba ta mutu ba, ba ta kuma da wani ruwan da take jira sai ke.

Ɗan tudunki tun ranar kwalekwale har ranar likkafani,
Dabo